Kowane Tsuntsu Kukan Gidansu: Gardamarmu Kan Baƙin Jarumai a Wasannin Faɗa



Akwai wata gardama da ta daɗe tana cin mana dare, mu da muka tashi da manet a hannu a gidajen gem na Maraɗi da Damagaram da Yamai, muna biyan dala biyar ko dala goma don a ba mu zagaye guda kafin a ɗauke wuta. Gardamar ita ce: idan kamfani ya kwaso jarumai daga wasanni dabam-dabam ya zuba su a fage ɗaya domin su gwabza, wane ne ya cancanci shiga, wane ne kuma aka cusa da ƙarfi? Wanda bai san harkar ba zai ɗauka surutun marasa aikin yi ne. Amma mun sha ganin aminan da suka shekara goma suna shan shayi a fada ɗaya sun yi mako ba sa ga maciji a kan wannan magana, kuma a Japan da Amurka da Turai ana yin rigimar da zafin da ya fi namu. Abin da ke iya shiga tsakanin aminai ya wuce a kira shi wasan yara. Shi ya sa muka ga ya dace mu ajiye manet, mu dubi gardamar kanta.

Irin wannan haɗaka ta jarumai ba yau aka fara ta ba. A 1994 kamfanin SNK na Japan ya fitar da The King of Fighters '94, inda ya tattaro jaruman wasanninsa na baya, irin su Terry Bogard na Fatal Fury da Ryo Sakazaki na Art of Fighting, ya sa su gasa ɗaya, uku-uku a kowace ƙungiya. A 1996 kamfanin Capcom ya ƙara gaba, ya haɗa su Ryu da Chun-Li da jaruman littattafan zane na Marvel a X-Men vs. Street Fighter, kuma a 2000 sai ga Marvel vs. Capcom 2 ɗauke da jarumai 56. Amma wasan da ya mayar da zaɓen jarumi tamkar naɗin sarauta shi ne Super Smash Bros. na Nintendo, wanda Masahiro Sakurai ya jagoranta. Ya fara a 1999 da jarumai 12 kacal, dukansu ƴan gida, su Mario da Link da Pikachu da Kirby. Samfurin farko da Sakurai ya yi tare da Satoru Iwata ma babu ko ɗaya daga cikinsu. Wasu mutane ne marasa suna suke naushin juna, sai da aka sa fuskokin da yara suka sani sannan wasan ya yi rai. Zuwa Oktoban 2021, lokacin da aka rufe ƙofar Super Smash Bros. Ultimate, jaruman sun kai 89. Tsakanin 12 da 89 ɗin nan, da wuya a sami sunan da aka ƙara ba tare da ya tayar da ƙura ba.

Masu wannan gardama suna da wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare. Idan mutum ba ya son a sa wani jarumi, da wuya ya fito fili ya ce ba ya sonsa; sai ya kafa doka, ya ce ai ƙa'idar wasan ba ta yarda ba. An daɗe ana cewa fagen Smash na ƴan gidan Nintendo ne kaɗai, sai ga Solid Snake na kamfanin Konami da Sonic na kamfanin Sega sun shigo a 2008, alhali Sonic ne babban abokin gabar Mario a kasuwa shekaru da dama. Aka ce to, sai wanda ya yi suna a na'urar Nintendo, sai ga Cloud a ƙarshen 2015, jarumin Final Fantasy VII, wasan da ya juya wa Nintendo baya a 1997 ya koma PlayStation. Aka ce Ridley, dodon nan mai fukafukai na Metroid, ya cika girma, allo ba zai ɗauke shi ba, har Sakurai da kansa ya taɓa nuna hakan. A 2018 aka rage masa jiki ya shigo. Aka ce wanda ke hannun abokin hamayya ba zai taɓa zuwa ba, sai ga Banjo da Kazooie a 2019, alhali Microsoft ke da su tun da ya sayi kamfanin Rare a 2002. Aka ce dole ya zama mayaƙi, sai aka kawo malamar motsa jiki ta Wii Fit, da Isabelle, ƴar karyar nan mai aikin sakatariya a ofishin magajin gari, daga baya har da wata shuka mai haƙora a cikin tukunya. Doka ɗaya ce ta rage a tsaye, ita ma don mai gidan ne ya kafa ta da bakinsa, wato jarumi ya zama a wasan gem aka haife shi. Ita ce ta bar Goku na Dragon Ball a bakin ƙofa duk da yawan masu kiran sunansa. Ita ɗin ma dokar gida ɗaya ce, domin a gidan Mortal Kombat ƴan fim ne suka cika zauren baƙi.

To idan dokokin nan ba sa tsayawa, me ya sa ake ta kafa su? Abin da ya faru a 2020 ya isa amsa. A watan Janairu aka sanar da Byleth, malamin yaƙi mai takobi daga Fire Emblem, wanda ya zama na takwas daga wannan zuriya a fagen Smash. Jama'a suka yi ca, ana cewa masu takubba sun yi yawa. Kafin shekarar ta fita, a watan Disamba, aka sanar da Sephiroth, wanda takobinsa ya fi mutum tsawo, sai ga fili ya cika da murna da sowa. Ashe takobi bai yi laifin komai ba. Sephiroth shi ne mugun Final Fantasy VII da ya sa miliyoyin yara hawaye tun 1997, shi kuwa Byleth wasansa ko shekara bai cika da fitowa ba, bai sami lokacin zama a zuciyar mafi yawan mutane ba. Hausawa suka ce so hana ganin laifi. Wanda duk ke ɗaga murya a kan jerin jarumai, yarintarsa yake karewa. Jerin nan ya zama kamar kundin tarihin wasannin gem, kowa yana so ya buɗe ya ga shafin abin da ya kashe kuɗin karin kumallonsa a kai. Idan ya duba bai gani ba, sai ya ji kamar an ce masa shekarun nan nasa ba su da wata daraja.

A nan ne namu lissafin ya sha bamban da na sauran duniya. Na'urorin Nintendo ba su cika isowa garuruwanmu ba. Abin da ya raine mu shi ne PlayStation, ta ɗaya da ta biyu, da faifan da ake gogewa da gefen riga idan ya ƙi tashi. Jarumanmu su ne Scorpion da Sub-Zero da Liu Kang, da Jin Kazama da Paul Phoenix, da Kratos, da kuma Eddy Gordo na Tekken 3, wanda duk sabon shiga yake ɗauka ya yi ta danna maɓallan ƙafa har ya kayar da gwani, abin da ya sa kafin a fara karawa akan ji wani ya ce ban da Eddy. Saboda haka idan muka ji ana kuka a Amurka don an hana Waluigi ko Geno gurbi, mukan dubi juna mu ce ɗan gidan wa ke nan? Haka shi ma ɗan Japan zai yi mamaki idan ya ji muna rantsuwa cewa babu haɗakar da ta cika ba tare da Scorpion ba, domin sababbin wasannin Mortal Kombat ba a sayar da su a hukumance a Japan, saboda yawan jini da yanke-yanken da ke cikinsu. Wanda ya fi kowa girma a idonmu, baƙo ne a garin da ake yanke shawara. Shi ya sa ranar da aka sanar da Kazuya Mishima na Tekken a Smash, cikin Yunin 2021, har waɗanda ba su taɓa riƙe na'urar Switch ba a cikinmu suka yi ta tura wa juna bidiyon a waya, don an kira sunan wanda muka sani ciki da bai. Kuma ba mu kaɗai ne ake mantawa da su a lissafi ba. Sai da Arslan Ash ya fito daga Lahor ta Pakistan a 2019 ya ci gasar Evo ta Japan da ta Amurka a Tekken 7, sannan duniya ta farga cewa akwai tarin gwanaye da suka shekara da shekaru suna wasa a ƙananan shaguna ba wanda ya ƙirga da su.

Sai dai so kaɗai ba ya buɗe ƙofa, domin kowane jarumi yana da ubangida, ubangidan kuma yana da lauyoyi. Daga Afrilu zuwa Oktoban 2015 Nintendo ta buɗe akwatin ƙuri'a a intanet, ta ce kowa ya rubuta wanda yake so a ƙara. Da aka rufe, aka sanar da Bayonetta, aka ce ita ce ta ɗaya a Turai, kuma ita ce kan gaba a cikin waɗanda za a iya samowa. Wannan ɗan sharaɗi na ƙarshe ya ɓoye dogon labari. Sai bayan shekara 6, a Oktoban 2021, Sakurai ya bayyana cewa wanda ya fi kowa ƙuri'a shi ne Sora na Kingdom Hearts, wanda haƙƙinsa ke hannun Disney. Ya shigo a matsayin na ƙarshe, amma ya shigo shi kaɗai. Abokan tafiyarsa Donald da Goofy ba su biyo shi ba, abin da ya rage na Disney tare da shi sai ɗan tambarin kan Mickey da ke reto a jikin makaminsa. Jama'a sun zaɓa, amma sai da masu dukiya suka sa hannu, suka kuma faɗi iyakar kayan da baƙon zai shigo da su. Shi kansa Sakurai, da ake jifa da baƙaƙen maganganu duk lokacin da wani bai sami nasa ba, ya taɓa bayyana cewa jaruman da aka riƙa sayarwa bayan fitowar Ultimate kamfanin Nintendo ne ya zaɓo su, nasa shi ne ya duba ko za su ginu. Mu ma ƴan PlayStation mun ɗanɗani wannan a 2012, da aka fitar da PlayStation All-Stars Battle Royale. Mun ga Kratos, mun ga Heihachi, amma Crash Bandicoot, wanda yawancinmu da shi muka fara koyon riƙe manet, babu shi, domin a lokacin haƙƙinsa yana hannun kamfanin Activision.

Babu inda hannun masu dukiya ya fito fili kamar a Marvel vs. Capcom: Infinite na 2017. Zuriyar wasan da X-Men suka kafa da kansu ta fito ba tare da ko ɗaya daga cikinsu ba, babu Wolverine, babu Magneto, babu Storm. A lokacin haƙƙin yin fim da su yana hannun kamfanin Fox, kuma mutane da yawa da wannan suka danganta lamarin. Abin da ya ƙara hura wutar shi ne bayanin da ɗaya daga cikin masu shirya wasan ya yi a wata hira, inda ya nuna cewa jarumi a wasan faɗa aiki ne kawai yake yi, wanda ke son Magneto saboda yadda yake zabura a sama ta kowace fuska, zai sami wannan zaburar a jikin wasu da aka sa. Masoya suka ji kamar an ce wa wanda ke kewar mahaifiyarsa ai ga wata can ita ma ta iya tuwo. Wasan bai yi kasuwa yadda aka so ba, har babbar gasar Evo ta 2018 ba ta sa shi cikin jerin manyan wasanninta ba.

Maganar mutumin nan ta yi ciwo ne domin rabinta gaskiya ce. Jarumin wasan faɗa da hannu ake saninsa, yatsu ne ke riƙe shi fiye da ido. Inda ya kauce shi ne zaton da ya yi cewa ana iya cire motsin daga jikin mai shi a liƙa wa wani. Magneto yana shawagi ne don shi sarkin maganaɗisu ne mai ganin ƙasa ta yi masa kaɗan. Idan aka ba wani wannan shawagi, motsi ne kawai ya rage, halin ya tafi. Daga nan muka samo ma'aunin da muke ganin ya fi duk dokokin da suka faɗi, kuma kakanninmu sun riga sun faɗe shi da suka ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Baƙon jarumi ya cancanci gurbinsa idan wanda ya san shi a gidansu ya ɗauki manet, yatsunsa suka gane shi tun kafin ya tsaya duba fuskarsa.

A ɗauki Steve na Minecraft, wanda ya shigo Smash a Oktoban 2020. A ido babu wanda ya kai shi rashin dacewa: mutum ne kamar an jera bulo, gwiwarsa ba ta lanƙwasawa, fuskarsa ba ta motsi. Amma da ya shigo, sai ya shigo da sana'arsa. Yana haƙar ƙasa ana tsakiyar faɗa, yana tara itace da dutse da ƙarfe, yana komawa teburinsa ya ƙera makami mafi kyau, yana gina katanga a gaban abokin karawa. Sakurai ya ce sai da suka sake taɓa kowane fage na wasan, alhali sun haura 100, domin bulon Steve ya sami wurin zama. Yaron da ya shekara biyar yana Minecraft yakan gane shi nan take. Haka Kazuya, wanda ya zo da naushin nan nasa mai walƙiya, wanda ba ya fita daidai sai an haɗa gaba da ƙasa da tsakaninsu cikin ƙiftawar ido, kamar yadda muka sha wahalar koyonsa a Tekken. Bidiyon sanar da shi ma ya nuna shi yana jefa jaruman Smash ɗaya bayan ɗaya daga kan dutse, wanda duk ya san yadda ubansa Heihachi ya jefa shi yana yaro, da yadda shi ma ya rama, bai buƙaci a yi masa bayani ba.

Amma ma'aunin yana da fuska ta biyu, domin an ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Idan baƙo zai riƙe muryarsa, shi ma mai gida kada ya rushe ɗakinsa don ya saukar da shi. A 2008 aka yi Mortal Kombat vs. DC Universe, aka haɗa su Scorpion da su Superman da Batman. Da yake waɗannan jarumai biyu ba sa kisa a labarinsu, kuma ana son a sayar wa matasa, sai aka rage jinin da aka san Mortal Kombat da shi, aka sassauta ƙarasawar nan ta ƙarshen faɗa wadda dominta muke cika gidan gem. Mai gida ya rasa halinsa, baƙin ma ba su sake ba. Akuma na Street Fighter kuwa, da ya shiga Tekken 7, an yi masa kyakkyawar tarba, har an saƙa shi cikin labarin, an ce alkawari ya ɗaukar wa Kazumi, matar Heihachi, na kashe mijinta da ɗanta. Sai dai ya zo da ƙwallon wutarsa da tsallensa na wasan da ake yi a layi ɗaya, ya shigo da su wasan da aka gina a kan gocewa hagu da dama, har gwanaye suka daɗe suna kukan cewa baƙo yana taka dokar da ƴan gida ke bi. Shi kukan gidansu ya yi, amma ya so ya danne na masu masauki.

Inda fuskokin biyu suka haɗu daidai, a ganinmu, shi ne shigar Terminator da Rambo cikin Mortal Kombat 11. Wasu sun yi ƙorafin cewa ƴan fim sun cinye guraben tsofaffin ƴan gida, kuma kukansu yana da tushe. Amma Mortal Kombat tun farkonsa a 1992 ɗan irin waɗannan finafinai ne, Johnny Cage ma a kan siffar Van Damme aka gina shi, har a 2023 Van Damme ɗin ya ba da fuskarsa da muryarsa aka sa masa. Rambo ya shigo da bakansa da wuƙarsa da tarkunansa da rarrafensa na cikin daji, da muryar Sylvester Stallone kansa. Mu da muka san Rambo da Kwamando a gidan bidiyo tun kafin mu san mene ne manet, ba mu ga baƙi ba, kawunnan gidan muka ga sun zo ziyara.

Jarrabawa mafi wuya gare mu ta zo a Afrilun 2025, lokacin da SNK ya dawo da Fatal Fury bayan shekara 26 da sabon wasa mai suna City of the Wolves, sai ga Cristiano Ronaldo a cikin mayaƙa. Mutane ba su daɗe ba suka haɗa lissafi: wani kamfani da ke ƙarƙashin gidauniyar MiSK ta Yarima Muhammad bin Salman ne ke da kashi 96 cikin 100 na SNK tun 2022, shi kuwa Ronaldo yana taka leda a Al-Nassr ta Riyad. Idan da so ake aunawa, babu mai ja da shi a wurinmu, domin duk jaruman da muka lissafa a sama babu wanda rigarsa ta kai tasa yawa a jikin yaran unguwanninmu. Amma gidan Ronaldo filin ƙwallo ne, kuma abin da yatsunmu suka sani nasa yana cikin wasannin ƙwallo: gudu, da tashi sama a sa kai, da bugun tazara. A Fatal Fury an ba shi ƙwallo yana harbin mutane da ita, alhali ba shi da tsohuwar gaba da kowa a garin da labarin ke gudana, kuma a ranar da wasan ya fito ba a iya ɗaukarsa a sashen labari. Ga shi kuma tsofaffin ƴan gida irin su Andy Bogard da Joe Higashi sai daga baya aka kawo su. Wannan ya fi kama da babban baƙon da aka gayyato biki don a ɗauki hoto da shi. Muna son Ronaldo, kuma son da muke masa ne ya sa muka fi so mu gan shi inda yake sarki.

Mu mutanen kokowa ne, mun san darajar gurbi. Tun da aka fara gasar takobi a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauki na farko, har zuwa yau da kowace jiha cikin takwas ke aiko da ƴan kokowa goma, ba a taɓa rasa mai cewa an bar wane a gida an tafi da wanda bai kai shi ba. Don haka mu ƙaddara wata rana wani matashi a Yamai ko Kano ya zauna gaban kwamfuta ya gina mana haɗakar jarumanmu. Ma'aunin nan shi zai raba masa gardama. Idan ya sa Gizo ya ba shi ƙwanji da naushi, ya kashe Gizo, domin Gizo da wayo yake cin nasara, sai an bar shi ya yi mutuwar ƙarya, ya haɗa manya faɗa ya koma gefe. Idan ya sa ɗan dambe, hannu ɗaya ne zai naɗe da zare, ɗayan na tsaro, kuma kisa ɗaya ya gama magana. Idan ya sa ɗan kokowa, babu naushi ko kaɗan, sai kamu da kaye. Iliya Ɗanmaiƙarfi da Bayajidda ba za su ba shi wahala ba. Amma ranar da ya ce zai sa Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tari rundunar Faransawa a 1899, sai ya tsaya ya tambayi kansa da jama'arta, domin ita mutum ce da ta rayu, tana da zuriya da masu girmama ta, kuma a wasan faɗa duk wanda ya shiga sai an kai shi ƙasa. A ranar ne za mu fahimci abin da Disney ke tsoro game da Mickey, kuma za mu ga cewa gardamar Waluigi da muke yi wa dariya ba ta kai rabin wadda za mu yi a kan namu ba.

Saboda haka shawararmu ga ƴan'uwa masu wannan gardama ita ce, duk wanda ke son a sa wani jarumi ya faɗa a fili cewa sonsa yake yi, ya ba da labarin inda ya san shi da abin da ya sa ya zauna masa a rai. Wannan hujja ce mai mutunci, ta fi dokar da za a ƙirƙira yau ta rushe gobe. Idan kuma aka kawo wanda ba mu sani ba, kafin mu ce an cusa shi, mu nemi wanda ya tashi da shi mu miƙa masa manet mu kalli hannunsa. Marth da Roy ma da suka shiga Smash a 2001 kusan babu wanda ya san su a wajen Japan, su ne kuma suka buɗe wa Fire Emblem hanyar fita duniya a 2003. Da yawa daga cikin waɗanda muke rantsuwa da su yau, wata rana baƙi ne da wani ya ce ba su cancanta ba.

Allah Ya bar zumunci, Ya sa gardamarmu ta tsaya a fatar baki.